Gargaɗi ga iyaye: kulle ɗan ƙwaya a ɗaki na iya kashe shi

Iyaye, masu unguwanni da limamai, wannan saƙo naku ne, kuma na gaggawa ne. Aikina duba masu fama da shaye-shaye ne da rubuta musu magani. Ina roƙonku da ku daina yanke wa yaro ƙwaya rana ɗaya a gida, ba tare da likita ya gan shi ba.

Wani dattijo ya taɓa kawo mana ɗansa da asuba cikin A-daidaita-sahu. Yaron ya cije harshe, gaban rigarsa duk jini. Kwana uku ke nan yana kulle da kwaɗo, ana miƙa masa tuwo ta taga. Uban ya ce da ni, "Likita, cewa na yi ko ya bari ko ya mutu." Saura ƙiris ta biyun ta tabbata. A sanin uban, tramol kaɗai yaron yake sha, amma da muka laluba aljihunsa sai ga fankon katin D5 har uku.

D5, wato diazepam, da ƙwayar roche da giya duk aiki ɗaya suke yi: danne ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan saba da wannan danniya. Ranar da aka janye gaba ɗaya, tamkar an saki birki ne a gangare. Ga wanda giya ta kama sosai, karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu, a rana ta biyu ko ta uku kuma sai ruɗewa da gane-gane. A nan ne dangi kan ce aljanu ne, a tafi neman mai ruƙiyya. Ku yi addu'a, ba mai hana ku, amma ku yi ta a bakin gadon asibiti, domin wannan ruɗewar tana kisa. Mu abin da muke yi shi ne ba da magani a aune, mu riƙa ragewa sannu a hankali, tare da allurar bitamin B1 ga mashayin giya. Raba mutum da D5 kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Tramol da kodin nasu haɗarin daban ne. Barinsu akwai azaba: zawo, amai, ciwon gaɓoɓi, hamma, rashin barci. Sai dai da wuya wannan kaɗai ya yi kisa. Mutuwar tana jira ne bayan an buɗe ƙofa. Jikin da ya yi makonni bai sha ba ya rasa juriyar da ya saba da ita. Yaro ya fito, ya haɗu da abokai, ya haɗiyi adadin da yake sha a da, sai numfashi ya tsaya. Ku tuna, likita ba ya wuce miligiram 400 na tramol a yini, alhali ƙwaya ɗaya ta bayan fage tana ɗauke da 225, kuma yawansa kaɗai na jawo jijjiga.

Gidan mari ma ba magani ba ne. A Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Haka nan kada ku je kemis neman allurar barci ko "maganin wanke jini". Wanda ya haɗa D5 da kodin ya ninka haɗarin ɗaukewar numfashi.

Na san kunya ce ke sa a ɓoye. To, ba gidanku kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, kuma har yau ba mu daina ganin masu shan sa ba.

Idan kun zo, ku taho da katin ƙwayar ko kwalbar. Tambaya uku zan yi: me yake sha, guda nawa a rana, yaushe ya sha na ƙarshe. Ku faɗi gaskiya, ni ba ɗan sanda ba ne, kuma da amsarku nake auna magani.

In kuka tarar da yaron ya ƙi farkawa, numfashi na ja da ƙyar, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, kada ku ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Ku kwantar da shi a kan gefensa, ku garzaya asibiti mafi kusa. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin kodin da danginsa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Duk wanda ke da yaro a kulle yau, don Allah ya buɗe ƙofar ya kawo mana shi kafin dare.