Tanadi da Guzuri: Shirin Iyali Kafin Ambaliyar Ruwa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tanadi. Rumbu da rufewa da taska duk shaida ne cewa tun kaka da kakanni magidanci yakan ajiye abin da zai riƙe iyalinsa har wata kakar ta zagayo. Sai dai an gina irin wannan tanadi ne domin fari da yunwa, wato masifar da takan zo sannu a hankali ta tarar da mutum a gidansa. Ita kuwa ambaliya takan zo bagatatan, ta raba mutum da gidan da rumbun baki ɗaya. Wannan babi zai yi bayanin shirin da ya kamata iyali su yi domin zaman ƙunci mai tsawo, da kuma domin barin gida cikin gaggawa.

2.0 Ma'anar Tanadi da Guzuri

Tanadi shi ne abin da aka ajiye domin buƙatar gaba, ana zaune a wuri ɗaya. Guzuri kuwa shi ne abin da matafiyi yake ɗauka domin hanya. Ana auna tanadi da yawansa, ana auna guzuri da rashin nauyinsa. Gidan da ke kusa da kogi ko fadama ko madatsar ruwa yana buƙatar duka biyun, domin buhun gero ashirin ba ya amfanar wanda ruwa ya ba minti goma ya fita.

3.0 Dalilin Yin Shiri

A shekarar 2012 ambaliya ta raba mutum fiye da miliyan 2 da muhallinsu a Nijeriya. Ta 2022 ta hallaka fiye da mutum 600, kuma jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye sashe mai yawa na Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A ƙarshen watan Mayu na 2025 kuma ruwa ya share unguwanni a Mokwa ta jihar Neja da asuba, mutane suna barci. Waɗannan misalai sun nuna abu biyu. Na farko, ruwa yakan koma inda ya taɓa bi. Na biyu, ba ya jiran gari ya waye.

Duk da haka, akan sami gargaɗi. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma takan bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi su ne masu kai agaji. Amma agaji yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, musamman idan gada ta karye. A waɗannan kwanaki, abin da gida ya shirya shi ne gatansa.

4.0 Tanadin Zama

Wannan ya shafi iyalin da ruwa ya kewaye, ya yanke musu hanyar kasuwa da asibiti, amma bai ci gidansu ba.

i. Ruwan sha. Ambaliya takan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan kwalara take samun ƙofa. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a yini domin sha da girki da tsafta. Ke nan gida mai mutum 10 yana buƙatar jarka 6 masu cin lita 25 kowace rana. Tun da yake tara wannan adadi na kwanaki da yawa yana da wuya, sai a ware ruwan sha a rufe shi, a kuma tanadi gawayi ko busasshen itace domin tafasa wanda za a ɗebo daga baya.

ii. Abinci. A fifita wanda ba ya saurin lalacewa kuma ba ya cin wuta da yawa, kamar garin rogo da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da dabino da garin kunu, tare da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A ɗora hatsi a kan dakali ko katako mai tsayi, kada a jingina shi da bangon ƙasa.

iii. Magani. Mai ciwon suga ko hawan jini ya kasance yana da rarar magani. A koya wa matan gida haɗa ruwan gishiri da sukari domin mai gudawa: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro ma wajibi ne, domin zazzaɓin cizon sauro yakan biyo bayan kwantaccen ruwa.

5.0 Guzurin Tashi

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farkon damina ake haɗa jaka guda, a rataye ta inda kowa ya sani. A cikinta a sa takardun haihuwa da na makaranta da na fili da katin ɗan ƙasa da katin rigakafin yara, a ƙulle su cikin leda biyu. A ƙara da tocila da ƙaramar rediyo mai batir da ashana da magunguna da tufafi kaɗan da abin taɓawa na kwana biyu ko uku. A ajiye ɗan kuɗi a hannu, saboda idan layin waya ya ɗauke, kuɗin da ke banki ba ya sayen ko ƙwayar shinkafa.

Abin da ya fi jaka muhimmanci shi ne shawarar da aka yanke tun da wuri. Iyali su san tudun da za su nufa, da hanya biyu ta zuwa can, da ɗan'uwan da za a sauka wurinsa. A raba aiki: wane ne zai ɗauki tsohuwa, wa zai riƙe yara, wa zai kwance dabbobi daga turke. Maigidan da yake tafiya fatauci ko cin rani ya bar wa matansa izini a fili cewa idan ruwa ya taso su fita ba tare da jiransa ba. Malamin allo shi ma ya ƙidaya almajiransa cikin iyalinsa.

Idan lokacin fita ya yi, a kashe wutar lantarki daga mita, a fita tun ruwa bai kai ƙofa ba. Kada a ratsa ruwa mai gudu, domin wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Kada kuma a yi gaggawar komawa ɗakin ƙasa da ya sha ruwa, saboda bango yakan faɗi bayan ruwa ya janye.

6.0 Rawar da Malami Zai Taka

Sau da yawa makarantar firamare ce takan zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, malami kuma shi ne wanda jama'ar ƙauye suke kawo wa takarda ya karanta musu. Don haka ya dace ya riƙa bibiyar hasashen damina yana fassara wa iyaye. A aji kuma yana iya mayar da batun darasin insha'i ko auna fahimta, ya sa ɗalibai su zana hanyar da ta tashi daga gidansu zuwa tudu mafi kusa, su kuma haddace lambar wayar mutum biyu daga danginsu. Yaron da ya ɓace cikin turmutsutsu, wannan lamba ce za ta mayar da shi hannun iyayensa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tanadin gargajiya ya dace da masifar da ake jurewa a zaune, ambaliya kuwa tana neman a haɗa shi da guzuri da kuma shawarar tashi. Yin haka bai saɓa wa tawakkali ba, domin addini ya umarci mutum ya yi iya ƙoƙarinsa sannan ya dogara ga Allah. Dukiyar da ruwa ya ci ana iya sake tara ta, rai kuwa ba shi da madadi.

Aiki

1. Bambanta tanadi da guzuri tare da misalai uku-uku.
2. Lissafa ruwan da gida mai mutum 8 yake buƙata a kwana 3.
3. Tsara darasin minti 35 a kan wannan batu domin aji biyar na firamare.