Sauyin kwamfutar ɗalibi: abin dubawa kafin uba ya kwance lalita

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa tsarin Windows 10. Magajinsa Windows 11 kuwa ba ya hawa kan tsofaffin kwamfutoci da dama, irin na hannu da ake sarowa daga Kano. Ke nan ɗan Matamaye mai karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram hanya biyu ke gabansa: ya sake na'ura, ko ya sake tsarin da ke tafiyar da ita.

Mai sake na'ura sai ya fara duban jerin haruffa. Kwamfutocin kasuwar Najeriya galibi jerin QWERTY gare su, babu é, è ko ç a kansu, alhali da Faransanci ɗalibi ke rubutu, yatsunsa sun saba da AZERTY. Mac na kamfanin Apple kuma yana da tsada, sannan wasu manhajojin Windows ba su aiki a kansa.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi ga aljihu. Ubuntu, reshen Linux da ya fito a 2004, kyauta ne, yana kuma rayar da tsohuwar na'ura. LibreOffice na buɗe takardun Word, sai dai shafuka kan goce, don haka a mai da kundin kammala karatu PDF kafin a kai shi bugu.

Kowace aka zaɓa, a fara kwafe darussa a adana wuri biyu, kuma a yi sauyin cikin hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.