Tsatsar Gwiwa: Abin da Na Gano Game da Ciwon Inna

Da na je hutu Gangara, sai na tarar Innarmu ta koma yin salla a kan kujera, gwiwa ta hana ta sujada. Kowa da nasa bayanin: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce man gwiwar ne ya ƙare. Ni kuwa ɗan ajin ƙarshe a sashen kimiyyar dakin gwaje-gwaje, aka tambaye ni na yi tsuru-tsuru. Kunyar nan ce ta sa na koma littafi.

Amosanin gaɓɓai ne, kuma ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

A bakin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi. Ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya ji rauni yake wuyar farfaɗowa. Ƙwayoyin halittar da ke kula da shi, yayin da suke aiki da oksijin, suna fitar da wani birbishi mai cin nama kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki na da sinadaran da ke share shi, irin su gulutatayon da katales. Amma tsufa, ƙiba, tsohon targaɗe da shekarun ɗaukar kaya, irin na 'yan dakon bakin boda, kan sa birbishin ya fi ƙarfin masu shara. Daga nan ƙwayoyin su fara mutuwa, guringuntsi ya fara marmashewa.

Nan ne garkuwar jiki ke shigowa. Sojojinta da ke tantanin gaɓa sukan ɗauki marmashin a matsayin alamar hari, su saki sinadaran kumburi. Su kuma waɗannan su tayar da wasu masu narkar da guringuntsin, su ƙara yawan birbishin. Ka ga mai gadi ya taya ɓarawo kwasa ke nan: tsatsa ta jawo kumburi, kumburi ya ƙara tsatsa.

To, sai a sha ƙwayoyin bitamin E a huta? Ina! An gwada, bai hana ciwon ci gaba ba. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba, domin kilo ɗaya da ka sauke na rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Zogale da rama suna da kyau a tukunya, amma ba sa tsirar da sabon guringuntsi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙullin ƙwayoyin da na gani ƙarƙashin filon Inna, na masu talla ranar kasuwa. Yawan shan diklofenak na iya ɓata ciki da ƙoda. Na roƙe ta ta daina, muka kai ta asibiti, aka koya mata miƙe ƙafa tana zaune, safe da yamma.

Ɗan'uwa, in ka je hutu, ka leƙa ƙarƙashin filon taka tsohuwar.