Antibodi Mai Farautar Saƙon Kumburi

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin, kuma ɗayansu, wato TNF, yana tayar da kumburi da zazzaɓi idan cuta ta shiga jiki. Domin auna TNF, masu bincike suna amfani da antibodi, furotin mai manne wa abu guda tak, wanda Köhler da Milstein suka gano dabarar samar da shi iri ɗaya a Ingila a 1975. Idan aka haɗa masa sinadarin launi, yakan bayyana yawan TNF a jini. Idan kuwa ya toshe TNF, kumburi yakan lafa, abin da ya haifar da maganin infliximab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998.