Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, da wuya a sami wadda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta kamar kalmar basir. Asalinta basur, jam'inta bawasir, kuma abin da take nufi a can bai wuce kumburin jijiyoyin jini na bakin dubura ba. Amma da ta shigo hannunmu sai muka mayar da ita rumbu. Akwai jan basir, akwai farin basir, akwai basir mai tsiro. Ciwon baya basir ne, kumburin ciki basir ne, kasala ma basir ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ya saurari masu tallar magani da lasifika a kan mota, ya san abin da nake nufi.

A wajenmu masu nazarin harshe, faɗaɗar ma'anar kalma ba baƙon abu ba ne, haka kowane harshe yake rayuwa. Sai dai wannan faɗaɗar tana cin rayuka, domin a ƙarƙashin inuwar basir ne sankarar babban hanji take samun maɓoya. Alamominta su ne jini a bayan gida, da gudawa ko taurin ciki da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa na tsawon makonni, da jin kamar bayan gida bai gama fita ba, da rama babu dalili, da ƙarancin jini. A Barkiya, mahaifata, idan dattijo ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, kafin ya rufe baki an raɗa wa ciwon suna, an kuma aika a kawo masa sassaƙe. A haka za a kwashe shekara ɗaya ko biyu, sai ranar da hanji ya toshe a ɗauko shi ranga-ranga zuwa asibiti, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kada mai karatu ya ɗauka cutar Turawa ce. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da ita a wannan shekara, kimanin 900,000 kuma suka rasu, wato ita ce ta uku a yawan kamu, ta biyu a yawan kisa cikin dukkan nau'o'in sankara. A Najeriya kuwa, binciken da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suke yi tare da takwarorinsu na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka tun 2013 ya nuna cewa majinyatanmu sukan kamu da ƙarancin shekaru fiye da na Turai, kuma akasarinsu ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa. Bambancin zuwa da wuri da zuwa a makare ba ƙarami ba ne. A Amurka, kusan tara cikin goma na waɗanda aka gano tasu tun tana cikin hanji sukan wuce shekara biyar a raye, amma idan ta bazu zuwa hanta ko huhu ba a samun biyu cikin goma.

Abin da ya bambanta wannan sankara da mafi yawan 'yan'uwanta shi ne tana ba da wa'adi. Galibi takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda ba ya ciwo, kuma yakan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. Idan aka cire tsiron, an rufe ƙofa ke nan. Tun 1969 wasu likitoci biyu a birnin New York, Hiromi Shinya da William Wolff, suka nuna yadda za a leƙa hanji da bututu mai lanƙwasa, a kuma tsinke tsiron da zaren waya ba tare da an tsaga ciki ba. Wannan shi ne gwajin da likitoci ke kira kolonoskofi, ni kuwa na fi son in kira shi leƙen hanji. A 2021 kwamitin rigakafi na Amurka ya sauko da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45, saboda yadda cutar ke ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru. Jarumin fim ɗin nan Chadwick Boseman yana da shekara 43 kacal ta yi ajalinsa a 2020.

Ni kaina an yi mini wannan gwaji a 2024 a wani asibiti a Kano, ina da shekara 46, ba tare da ina jin ciwon komai ba, kuma zan faɗi yadda yake domin tsoron abin da ba a sani ba shi ke hana da yawa zuwa. Kwana uku kafin ranar aka hana ni ganye da wake da gyaɗa. Ana jibi sai abinci mai laushi, ana gobe kuwa sai ruwa da shayi ba madara da romo tatacce. Zoɓo ma an hana, domin jansa kan rikita likita ya zaci jini ne. Da yamma na sha maganin wankin ciki da aka dama a ruwa mai yawa, na kwana ina zarya tsakanin ɗaki da bayi. A gaskiya wannan daren shi ne wahalar gwajin gaba ɗaya.

Da safe aka ba ni rigar asibiti, na kwanta ta gefen hagu, aka rufe ni da mayafi, aka yi mini allurar sa gyangyaɗi a hannu. Bututun bai fi kaurin yatsa ba, a bakinsa akwai fitila da kyamara, likita kuma yana kallon allo yana bin hanjin, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, har inda ya haɗu da ƙaramin hanji. Cikin kusan rabin awa aka gama. An sami tsiro guda kamar ƙwayar wake, aka cire, aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya dawo cewa bai rikiɗe ba. Ban ji komai ba sai kumburin iska na 'yan awoyi, ƙanena ya tuƙo ni gida, washegari na shiga aji. Gwajin yana da ɗan hatsari na zubar jini ko hujewar hanji, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma wanda aka samu hanjinsa lafiya sai bayan shekara goma zai sake. Mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini ya sanar da likita tun kafin a sa rana.

Saura batun kunya. Harshenmu ya ƙware wajen sakaya wannan sashe na jiki, shi ya sa muke cewa bayan gida da kewaya da kama ruwa. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure, amma a ɗakin likita sakaya illa ce. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa larurar magani tana halatta wa likita duba al'aura gwargwadon buƙata, kuma mace na da damar neman likita mace ko ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita.

Na san cewa manomin Barkiya ba kunya kaɗai ke tare shi ba. Gwajin sai a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuɗi, ga nisa, ga fargabar hanya da yankinmu ya sha fama da ita. Amma akwai gwajin bayan gida mai gano ɓoyayyen jini, wanda ba shi da tsada, ana yin sa sau ɗaya a shekara, sai wanda nasa ya nuna jini a tura shi leƙen hanji. Ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina da ta samar da shi a asibitocin Kurfi da Dutsin-Ma, ta kuma sa ido a kan abin da masu lasifika ke faɗa wa jama'a.

Mu kuwa 'yan boko, da ake tambaya a gida duk lokacin da wani ya kwanta, nauyin ya fi yawa a kanmu. Wanda ya kai 45 ya tuntuɓi likita. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, ya fara tun yana 40, ko ma kafin haka. Idan kuma Baba ko Inna suka ce basir ne ya tashi, mu tambaye su tun yaushe, mu kai su a duba. Allah Ya ƙara mana lafiya.