Fure da Garin Alkama a Harshen Ingilishi

Jama'a, Ingilishi yana da manyan kalmomi uku na fure. Blossom ita ce 'yar gida, tana nufin furen itacen da ake jiran 'ya'yansa. Bloom ta fito daga tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, ma'anarta fure sa'ad da ya buɗe sosai. Flower kuwa daga Faransanci aka aro ta bayan mamayar Ingila ta 1066, kuma tana nufin mafi kyawun abu. Shi ya sa aka kira lallausan garin alkama da ita. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma bai bambanta rubutunsu ba. To, ashe Bahaushen da ya kira garin burodi da furen ado fulawa bai yi kuskure ba, domin asalinsu ɗaya ne.