Amon Tambari A Cikin Mota

Zancen kimiyya na yau a kan wata na'ura ne wadda masu motoci da yawa su kan ƙara wa motocinsu, watau amfilifaya, mai ƙara wa sauti ƙarfi, da kuma yadda a ke ba ta wutar lantarki ba tare da an jawo wa mota gobara ba.

Alhazan da suka sauka Jidda ta jirgin sama kafin 1981 sun san wajen Sharafiyya, domin tsohon filin jirgi na Kandara a maƙwabtanta ya ke. A shekaran nan ne aka buɗe sabon filin Sarki Abdul'aziz a arewacin gari. Ita Sharafiyya unguwa ce a tsakiyar birni, mai yawan kantuna da baƙi na ƙasashe dabam dabam, Titin Falasɗinu kuwa da ya bi ta wajen ya yi suna kan cinikin wayoyin hannu da kayan lantarki. Wanda ya sayi amfilifaya a Jidda, ko a can zai ɗaura ta, ko kuwa tsaraba ce zai kai Kano ko Maraɗi, lalle ne ya san waɗansu ka'idodi tukuna, gama na'urar da ba ta fi girman littafi ba ta kan sha wuta fiye da dukan fitilun motar.

Da fari dai, mene ne aikinta? Sauti ba kome ba ne illa girgizar iska. Kunnen yaro mai lafiya ya kan ji girgiza tun daga sau 20 har zuwa wajen sau 20,000 a daƙiƙa guda. Girgiza mai sauri ita ce siririyar murya, irin ta sarewa. Girgiza mai nawa ita ce amo mai kauri, irin na tambarin sarki, wanda mutum kan ji shi har a ƙirjinsa. Kowa ya san tambari ya fi kalangu faɗin fata, dalili kuwa shi ne amo mai kauri ba ya fita sai an tura iska mai yawa. Haka abin ya ke ga lasifika. Ƙananan lasifikun da ke jikin ƙofofin mota ba su iya tura iskar da ta isa, saboda haka a kan kawo wata babba, mai faɗin inci 10 ko 12, a sa ta cikin akwatin katako a ajiye a but. Ita ce a ke ce wa wufa, aikinta kuwa amon da ke ƙasa da girgiza 100 a daƙiƙa.

Fasalin lasifika irin ta yau ya samo asali daga aikin waɗansu injiniyoyi biyu na Amurka, Rice da Kellogg, a 1925. A kan naɗe siririyar waya a rataye ta a tsakiyar maganaɗisu, a manna ta da faifan takarda ko na roba. In lantarki ya bi ta naɗin nan sai ya motsa gaba da baya, faifan ya bugi iska. Faifan wufa babba ne mai nauyi, rediyon mota kuwa ƙarfin da ya ke ba kowace lasifika bai cika wuce wat 20 ba. Nan ne amfilifaya ta ke shigowa.

To, a nan sai an san ma'auni uku, kuma ruwan famfo zai taimaka wajen gane su. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwa. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa ta bututu. Wat kuwa shi ne aikin da su biyun suka yi tare, a kan same shi in an riɓa bolt da amfiya. Batirin mota, wanda asalinsa ƙirar Gaston Planté ne na Faransa a 1859, ya kan ba da bolt 12 da ɗan ɗori. In inji yana aiki, ɗan janareton da bel ke juyawa, watau altaneta, ya kan ɗaga shi zuwa wajen bolt 14. Wannan turi kaɗan ne. Wufa mai om 2, in ana so ta sami wat 500, tana bukatar wajen bolt 32. Saboda haka a cikin amfilifaya akwai taransistoci masu datse wutar batir suna sakinta sau dubbai a daƙiƙa, su bi da ita ta ɗan taransifoma, ƙarfin turin ya hau. Amma fa ba a samun kome a banza. Abin da aka ƙaru da shi a bolt, da amfiya a ke biyansa daga batir.

Ga lissafin. Amfilifaya iri biyu ne aka fi sani. Ta ajin D ta kan mai da wajen kashi 80 cikin 100 na wutar da ta sha ya zama ƙarfin sauti. Domin ta ba da wat 500 sai ta sha 625, in aka raba da bolt 14 sai a sami amfiya 45. Ta ajin AB, wadda ta riga ta zuwa, wajen rabin abin da ta sha zafi ya ke zama, saboda haka ita sai ta ja amfiya 70 da 'yan kai. Babbar fitilar gaban mota mai wat 55, amfiya 4 kaɗai ta ke ja. Gaskiya ne kiɗa ba ya tsayawa a ƙololuwarsa kullum, yana hawa yana sauka, amma waya dole a zaɓe ta domin lokacin da aka fi jan wuta. Sa'an nan a lura da lambar da ke jikin kwali. Masu sayarwa su kan rubuta wat dubbai da manyan haruffa, alhali ƙarfin da na'urar ta ke iya riƙewa a kai a kai shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa, da shi a ke lissafi.

Yanzu sai zancen waya, wanda shi ne zuciyar aikin. Wani malamin Jamus, Georg Ohm, ya bayyana a 1827 cewa kowace waya tana tauye lantarkin da ke bi ta cikinta, tauyewar kuwa tana ƙaruwa in wayar ta yi tsawo ko ta yi siranta. Daga batir a gaban mota zuwa but a kan ci kamar mita 5. In aka ja amfiya 45 ta wayar jan ƙarfe mai kauri, wadda a ke kira lamba 4, abin da zai ɓace a hanya bai kai rubu'in bolt ɗaya ba. In kuwa aka yi ƙoƙarin tsimi aka sa siririya irin ta soket ɗin ɗaki, fiye da bolt ɗaya da rabi zai ɓace, wayar kanta ta riƙa fid da zafin wat 70 a ƙarƙashin shimfiɗar mota. Akwai kuma wata waya mai araha a kasuwa wadda cikinta alminiyum ne, aka yi mata rufin jan ƙarfe. Alminiyum bai fi kashi 60 da ɗoriya cikin 100 na jan ƙarfe iya ɗaukar lantarki ba. A kan gane ta da rashin nauyi, in an yanke ta kuma tsakiyarta fari ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ga yadda gwanin rewaya ya ke bin aikin. Kafin ya taɓa kome sai ya kwance kan batir mai alamar ɗebewa, domin shi ne ke haɗe da ƙarfen jikin mota. Muddin yana kwance, ko sifana ta taɓa ɗaya kan da jikin mota ba abin da zai faru. Sa'an nan ya ɗauko babbar waya daga kan batir mai alamar tarawa, ya sa mata fiyus kusa da batirin, kada nisan ya wuce santimita 45, watau inci 18. Wannan fiyus ba domin amfilifaya ya ke ba, ita tana da nata kariya. Domin wayar ya ke. Batirin mota yana iya zubo amfiya ɗaruruwa nan take. In robar waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko mota ta yi karo, wayar da ba ta da fiyus sai ta yi ja wur kamar ƙarfen maƙera ta kama shimfiɗa da kujeru. A misalin da aka bayar, fiyus mai amfiya 60 ya isa, kuma kada a sa wanda ya fi ƙarfin wayar. Inda waya za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da mazaunin mutane, sai ta bi ta cikin zoben roba, don kada kaifin ƙarfe ya yanke ta.

Lantarki ba ya tafiya sai da hanyar komowa, a mota kuwa jikin ƙarfen ne hanyar. Saboda haka a kan ɗauki gajeriyar waya, mai kauri daidai da babbar, daga amfilifaya zuwa ƙarfen but, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam. Yawancin gunaguni da katsewar sauti daga sakacin wannan wuri su ke fitowa. In za a huda rami, a duba ƙasa tukuna, gama tankin mai sau da yawa a nan ya ke kwance. Akwai kuma 'yar siririyar waya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, wadda ke gaya wa amfilifaya ta tashi in an kunna rediyo, ta kwanta in an kashe. In aka haɗa ta da wutar da ba ta ɗaukewa, da safe sai a tarar batir ya mutu. Wayoyin da ke kawo sauti daga rediyo kuwa a kan bi da su ta ɗaya gefen motar, nesa da babbar waya, don kada kukan altaneta ya shiga lasifika. Wayoyin jakar iska ta kariya, waɗanda a kan yi musu alamar rawaya, ba a taɓa su. Haka nan manyan wayoyi masu ruwan lemo na motocin da ke tafiya da lantarki, gama ƙarfin da ke cikinsu yana kisa.

Da an gama haɗi sai saiti. Wufa biyu masu om 4, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 2, in kuwa aka jera su ɗaya bayan ɗaya sun zama om 8. In om ɗin ya yi ƙasa da abin da takardar na'urar ta yarda, sai ta ja wutar da ta fi ƙarfinta ta yi zafi. Akwai maɓallin da ke tace sauti, a kan tsai da shi wajen 80, don wufa ta tsaya ga amonta ta bar wa ƙananan lasifiku muryar mawaƙi. Akwai kuma wanda ke daidaita abin da rediyo ke aikowa, mutane da yawa su kan ɗauke shi maɓallin ƙara murya su murɗa shi har ƙarshe. In an yi haka sai amfilifaya ta nemi ba da abin da ba ta da shi, sauti ya dakushe, naɗin wayar wufa ya yi zafi ya ƙone. In kuma aka ga fitilun mota suna dusashewa duk sa'ad da ganga ta buga, alama ce altaneta ta kasa. Ta ƙaramar mota ba ta cika wuce amfiya 100 ba, na'urar sanyaya mota da fitilu kuwa sun riga sun ɗebi rabonsu.

Jidda tana da nata wahala ta musamman. Da bazara zafi ya kan wuce awo 40, a watan Yuni na 2010 ma ya kai 52, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi na waje nesa. Amfilifaya tana fid da zafinta ne ta haƙarƙarin ƙarfen bayanta, saboda haka kada a lulluɓe ta da kaya, kada a kife ta. Zafi kuma yana rage kwanan batir. Iskar Bahar Maliya mai laima da gishiri tana sa kan batir da mahaɗin waya su yi tsatsa, sai a riƙa dubawa ana gogewa. A Kano da Sakkwato ƙurar hunturu ce ke toshe na'ura, ramukan hanya kuma su sassauta abin da aka ɗaure.

Saura kunne, wanda ba a sayen sabonsa a kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana iya jin sauti mai desibel 80 har sa'a 40 a mako ba da cutuwa ba, amma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Wufa a cikin rufaffiyar mota tana wuce 100 ba wuya, a nan kuwa lissafin ya koma mintoci. 'Yan gashin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Direban da ya cika motarsa da amo ba zai ji ƙahon na bayansa ba, balle jiniyar motar asibiti. Dokokin ladabin jama'a da Saudiyya ta kafa a 2019 sun hana ɗaga kiɗa a unguwannin zama, sun kuma hana kiɗa a lokacin kiran salla. Mai mota da ya sa waya mai kauri, da fiyus kusa da batir, ya kuma riƙe maɓallin murya da hankali, ya tsare motarsa da kunnensa da haƙƙin maƙwabtansa.